Daga Wa Ka Ji? Ɗalibi da Neman Bayani, Daga Zaure Zuwa Wayar Hannu

Wajen shekarar 1812, ƙurar jihadi ta fara lafawa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta wani ɗan littafi da ake kira Ida'un Nusukhi. Sunayen malamansa ya jera a ciki, da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu: abin da ya ɗauka wurin yayansa Shehu Usmanu, wanda mahaifinsu ya damƙa shi a hannunsa yana ɗan shekara 13, abin da ya samu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, Sahihul Buhari da ya saurara wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, da sauran malamai na dangi da na nesa. Mutumin da daga baya ya yi wa Alƙur'ani tafsiri sukutum bai ga asarar tawada ba don ya nuna wa jama'a rijiyoyin da ya sha ruwansu. A wurinsa da mutanen zamaninsa, sanin abu da sanin wanda ya gaya maka shi tare suke tafiya. In na biyun ya ɓace, na farkon ya koma jita-jita.

Shekara ɗari biyu da 'yan kai bayan haka, ga ɗalibar jami'ar karatu daga gida zaune a Gusau ko Damaturu, malaminta yana wani gari da ba ta taɓa takawa ba. An ba ta jinga, saura kwana biyu a rufe shafin miƙa aiki. Ta buɗe Google a waya, ta zuba tambayar yadda aka rubuto ta, ta taɓa sakamako na farko ko na biyu, ta kwashi abin da ya yi kama da amsa. In ka tambaye ta inda ta samo, za ta ce a intanet, kamar mai cewa a kasuwa ya sayo magani. Masu kuka da wannan hali sukan ɗora laifin a kan lalacin 'yan zamani, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Abin da tarihin karatun nesa ke nunawa shi ne, duk lokacin da aka raba ɗalibi da malaminsa akwai wani aiki da tilas wani ya ɗauka: ya tace abin da zai isa ga ɗalibin, ya kuma tsaya shaida a kansa. An daɗe ana samun mai ɗaukar wannan kaya. A zamaninmu ne aka sauke shi a kan ɗalibi shi kaɗai, ba a koya masa ɗaukarsa ba, ba a ma gaya masa an sauke ba.

A da, wahalar ɗalibi ita ce ƙarancin littafi. Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, ya kuma ce a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga. Marubucin ya ga isowar littafi gari abin rubutawa ne, daidai da yaƙi ko yunwa. Takardar ma baƙuwa ce: mai alamar jinjirin wata uku, wadda malamai suka fi so a ƙarni na 19, a arewacin Italiya ake yin ta, ta biyo ta Tarabulus, ta ƙetaro hamada a bayan raƙumi. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda sojojin Maroko suka tasa zuwa Marrakesh a 1594, ya yi kukan littattafansa 1,600 da aka wawashe, ya kuma yabi malaminsa Muhammad Baghayogho da cewa yana ba da aron littafi komai tsadarsa ga duk mai nema. Wanda ya san cewa kowane kwafi da hannu aka rubuta shi, wata da watanni, zai gane girman wannan yabo. A irin wannan duniya, neman bayani neman mutum ne. Kana son mas'ala, sai ka tambayi wa ke da littafin, wa ya karanta shi a gaban wa, kwana nawa ne tafiya zuwa garinsa. Shehu Usmanu da kansa sai da ya bi Malam Jibrilu har Agadas.

Ɗauki tsohon kwafin Risala ko Muhtasar, irin wanda har gobe ake samu a gidajen malamai a Kano, Katsina, Zariya da Damagaram. Warƙoƙi ne a sake babu ɗinki, an haɗe su a tadarishi, an saka a gafaka. A ƙasan warƙa an rubuta kalmar farko ta wadda ke biye, don kada su rikice in an raba wa ɗalibai ko an ba da aron wani sashe. Layukan matani an nisanta su da juna da gangan, gefen takarda kuma an bar shi da faɗi. A wannan fili ne ɗalibi ke rubuta ma'anar kalma mai wuya, wani lokaci da Larabci, wani lokaci da ajamin Hausa ko Fillanci ko Barbarci, ya kuma ɗauko bayani daga wani sharhi ya ajiye shi kusa da mas'alar. In ya gama ɗauko maganar sai ya sa 'yar alama mai nuna nan ta ƙare, sau da yawa har da sunan littafin da ya ciro ta. Wanda ya gaji wannan kwafi bayan shekara hamsin zai iya bin sawun kowane bayani zuwa gidansu. A zaure kuwa, kowa da littafinsa yake zuwa, mai Ahalari, mai Iziyya, mai Risala. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara gaɓa-gaɓa, saura suna saurare kafin layi ya zo kansu. In tambaya ta fi ƙarfin malam, sai ya ce je ka wurin wane a unguwa kaza, shi ne gwanin wannan fanni. Ƙwaƙwalwar malam ita ce injin binciken ɗalibi, kuma injin nan yana da suna, yana da unguwa, yana jin kunya in ya yi kuskure.

Wani zai ce ai wannan duk karatun gaba da gaba ne, ina ruwansa da nesa? To ga Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Matan karkara da aure da goyo suka ɗaure ba za su iya zuwa Sakkwato ko Wurno ba, sai ta aika musu da karatun. Ta tsara ilimi cikin waƙoƙin Hausa da Fillanci masu sauƙin hadda, da yawansu daga rubuce-rubucen mahaifinta Shehu Usmanu da ɗan'uwanta Muhammadu Bello, ta koyar da dattawan mata da ake kira jaji, su kuma suka koma ƙauyukansu suka koyar da matan da ake kira 'Yan Taru. Abin lura a nan shi ne malfa da jan rawanin da takan naɗa wa kowace jaji, malfar da a Gobir alama ce ta ikon Inna, shugabar mata. Macen da ke zaune a tsakar gida a wani ƙauye ba ta da hanyar bincika ko waƙar nan ta yi daidai da littattafan Maliki. Amma tana ganin malfa, ta san wa ya aiko, ta san kuma jaji za ta koma gaban wadda ta naɗa ta. Karatun ya yi tafiya mai nisa, shaidarsa tana biye da shi a kan mai ɗauke da shi.

Karatun wasiƙa da Turawa suka kawo ya warware matsalar ta wata hanya. A 1840, shekarar da kuɗin aika wasiƙa a Ingila ya sauko zuwa kwabo guda, Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutu ta gidan waya. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawar digirinta ga wanda bai taɓa zama a ajinta ba, sai kwalejojin wasiƙa irin su Wolsey Hall da Rapid Results College suka taso don shirya masu zana ta. Ta wannan ƙofa Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke kan takardar naira goma, ya sami digirin falsafa a ƙarshen shekarun 1920, Obafemi Awolowo kuma ya sami na kasuwanci a 1944, kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948. Malaman firamare da akawun En'e da yawa ta nan suka zana jarrabawar da ta ɗaga su. Ɗalibin wasiƙa ba ya bincike a ma'anar da muka sani yau, domin garinsu babu laburaren da zai je, in ka ɗebe ɗan ɗakin karatu na En'e. Ambulan ɗin da ke zuwa masa shi ne laburarensa: darasi a buge, sunayen littattafan da zai saya, tambayoyin da zai amsa ya mayar, su dawo bayan makonni da jan biro a gefe. Tsarin yana da illa, don cin jarrabawa kawai ya sa a gaba, kuma abin da wani a Ingila ya zaɓa shi ne iyakar duniyar ɗalibin. Sai dai akwai mai zaɓen, akwai adireshinsa, kuma in ɗalibansa suka yi ta faɗuwa kasuwarsa ce za ta mutu.

Najeriya ta gina nata a kan wannan tubali. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka rasa malamai, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta horar da su suna kan aiki, da littattafan darasi a buge da cibiyoyin haɗuwa a ƙarshen mako. Gwamnatin Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai farkon shekarun 2000 a zamanin Obasanjo. A wannan tsakani ne wani abu ya faru wanda masu zargin intanet sukan manta. Tattalin arziki ya karye, darajar naira ta zube bayan 1986, laburaren jami'o'i suka kasa sabunta mujallu da sayen sababbin littattafai. Sai handawut ya maye gurbin littafi: 'yan shafuka da aka tsakuro daga nan da can, aka buga, aka yi ta fotokwafi har rubutun ya dushe, galibi babu sunan littafin da aka ciro su. Ɗaliban da suka yi karatu da handawut su ne suka zama malaman ɗaliban yau. Rabuwar bayani da sunan mai shi ta riga wayar hannu zuwa jami'o'inmu da shekaru.

Intanet ta zo ta tarar da ƙasa a jiƙe. Wuraren hawa intanet na haya suka bazu a birane wajen 2000, ana sayen awa ana jiran shafi ya buɗe. Layukan wayar salula suka fara aiki a 2001, sababbin wayoyin ƙarƙashin teku suka iso Legas a 2010, wayoyi masu araha suka biyo baya, sannan annobar korona ta rufe makarantu a Maris na 2020 ta tura wanda ya shirya da wanda bai shirya ba zuwa karatu ta waya da rediyo. Ƙarancin da ya sa Shehu tafiya Agadas ya kau, kuma duk mai son ilimi ya kamata ya yi hamdala da haka. Amma akwatin binciken nan shi ma mai tacewa ne. Dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kanta a 1998 ita ce ƙirga shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi, da nauyin masu nunin, dabarar da ke da dangantaka da yadda masana ke ƙirga yawan ambaton wata maƙala. Tana auna shahara, shahara kuwa wani lokaci takan zo tare da inganci, wani lokaci takan zo ita kaɗai. A saman sakamakon kuma akwai gurbin da kuɗi ke saya. Ɗalibi yana ganin jeri ɗaya mai tsabta, binciken masani da tallar ɗan kasuwa da aikin wani ɗalibi da aka kwafe duk da kama ɗaya. Babu malfa a kan kowa.

Cewa lalaci ne ya jawo, binciken da aka yi bai gaskata shi ba. Rahoton da masana na Kwalejin Jami'a ta Landan suka fitar a 2008 don Laburaren Birtaniya ya samu matasa suna tsallen shafi zuwa shafi, ba sa daɗewa wajen auna abin da suka samu, ba su kuma iya zaɓen kalmomin bincike ba. Amma ya samu manyan malamai ma suna irin wannan tsallen. A 2016 ƙungiyar Sam Wineburg a Jami'ar Stanford ta tattara amsoshi 7,804 daga ɗaliban Amurka, ta samu fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki talla a matsayin labari, alhali an rubuta a jikinta cewa biya aka yi. Waɗannan yara ne da wuta ba ta ɗauke musu, data ba ta ƙare musu. Tun kafin intanet ma, Carol Kuhlthau, wadda ta bi ɗalibai tana lura da yadda suke aikin bincike, ta bayyana a 1991 cewa ruɗewa da fargaba ba a farkon aiki suka fi tsanani ba, sai bayan ɗalibi ya fara karatu ya ci karo da maganganu masu karo da juna. A nan ne yake buƙatar wanda zai ce masa wannan ruɗewar hanya ce, ci gaba. Malamin zaure yana ganin ta a fuskar ɗalibi kafin ya buɗe baki. Jan biron mai gyaran wasiƙa yana kama ta, ko da a makare. A shafin karatu na intanet kuwa, inda na'ura ke gyara tambayoyin zaɓi-ɗaya, babu mai ganin ta, sai ɗalibi ya tsere mata ta hanya mafi kusa, wato amsar farko.

Suka mafi ƙarfi a kan wannan magana ita ce ana yi wa zamanin da ado. Gaskiya ne zaure bai ɗauki kowa ba: bawa da talakan ƙauye da mafi yawan mata suna waje. Gaskiya ne ijaza takan zama ta neman albarka kawai, kuma silsila tana tabbatar da cewa an ji maganar daga wane, ba ta tabbatar da cewa wane ya yi daidai. Girmama malami ma yakan kai ga rufe bakin ɗalibi. Babu mai hankalin da zai so a koma kwana arba'in a hanya don shafi goma. Amma a duba abin da sanin tushe ya ba su dama su yi. Shehu Usmanu ya saɓa wa Malam Jibrilu a kan kafirta mai aikata babban zunubi, ya rubuta saɓanin da hujjojinsa, bai kuma daina girmama shi ba. Ya iya yin haka ne don ya san maganar ta wace ce, ya san littattafan da za a koma a auna ta. Wanda aka turo wa takarda marar suna a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ba shi da wanda zai yi wa gardama. Ko ya haɗiye ko ya tofar. Abin mamaki kuma, da Wineburg da Sarah McGrew suka gwada masana tarihi 10, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban Stanford 25 a kan shafuka iri ɗaya, masu tantance labaran ne suka yi zarra, kuma dabararsu ita ce barin shafin nan da nan su je su ji abin da wasu ke faɗa game da masu shi. Masana tarihin da ɗaliban sukan tsaya suna duba kyan shafi da abin da ya faɗa a kan kansa, har a yaudare su. Duk wanda ya leƙa ilimin hadisi ya san wannan ƙa'ida: ba a tambayar mai ruwaya ko shi amintacce ne, mutanen garinsu da abokan karatunsa ake tambaya.

Akwai kuma masu cewa duk wannan maganar ƙoshi ce, ɗalibinmu kuɗin data da wurin caji ne damuwarsa. Damuwar gaskiya ce, sai dai ƙara wa matsalar nauyi take yi. Dabarar barin shafi a buɗe wasu biyar tana cin data, tana cin caji, tana kuma wahala a kan allon waya mai faɗin tafin hannu. Mai 'yar data kaɗan shi ya fi kowa dogara da sakamakon farko da takardun da ake turawa hannu zuwa hannu, waɗanda sau da yawa an yanke shafinsu na farko mai ɗauke da suna da shekara. Ga kuma harshe. Ɗalibin da ke tunani da Hausa yana bincike da Ingilishi, kuma iya bincike rabinsa sanin kalmar da masana fannin ke amfani da ita ne. In bai san ta ba, zai yi ta zagaye a bakin ƙofa. In ya gwada da Hausa, abin da zai samu a fannin kimiyya ko shari'a ko tattalin arziki kaɗan ne, wani ma fassarar na'ura ce da ba wanda ya duba. Matambayi ba ya ɓata, haka ne, amma sai in wanda ya tambaya ya san hanya.

Tun daga Nuwamban 2022 da ChatGPT ya fito, har jerin shafukan ma ya fara ɓacewa. Amsa ɗaya ce ke zuwa, a tsare, cikin murya mai natsuwa, kuma in ka nemi madogara wani lokaci sai ta ƙirƙiro maka sunan marubuci da maƙalar da babu su. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun miƙa mata hukunce-hukuncen da na'urar ta ƙaga. Wannan ma ba baƙo ba ne ga malaman hadisi, don maƙaryata sun daɗe da gano cewa ƙarya ta fi shiga in an ɗaura mata isnadi mai kyau, shi ya sa Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, ya tara ƙagaggun hadisai a littafi guda don a san su. Maganin da suka samo aiki ne mai gajiyarwa: a bi kowane suna a ga ko mutumin ya rayu, ko ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Ɗalibin yau zai iya yin kwatankwacinsa cikin minti biyar, in an taɓa zama da shi an nuna masa.

Wurin da za a nuna masa kuwa yana nan. Tun 1998 akwai rumbun mujallun Afirka na AJOL. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe HINARI a 2002, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta buɗe AGORA a 2003, don makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta dubban mujallun likitanci da noma kyauta ko a farashi kaɗan, kuma jami'o'i da yawa a Najeriya sun yi rajista. Lambar shiga tana hannun ma'aikacin laburare, mutumin da aka horar da shi a kan ainihin wannan sana'a ta tacewa da nuna hanya. Ofishinsa yana cikin harabar jami'a, yana buɗewa da safe ya rufe da yamma. Ɗalibar Gusau kuwa da dare take karatu, bayan yara sun yi barci, kuma a shafin da take shiga ta biya kuɗin makaranta ta sauke darasi ta miƙa jinga, da wuya ta ga inda aka rubuta sunansa.